Soso a Cikin Hula

An ɗage auren Auta da Injiniya ranar Talata da hantsi, ba a kuma sa wata rana ba. Kawun angon ne ya bugo wa mahaifinta waya. Bai ja magana ba. Ya ce iyali suna so su sake zama, ya yi fatan alheri, ya kashe.

Kafin azahar duk layin ya san dalili: wata hular yarinya ce da aka cire a falon gidan su Auta ranar Lahadi.

Auta tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai cajin waya da mai gyaran takalmi. Aurenta na fari ya mutu, ya bar ta da 'ya ɗaya mai shekara guda da 'yan watanni. Injiniya kuwa ba injiniya ba ne. Firji yake gyarawa a tsallaken titi. Ita ce ta laƙaba masa sunan don zolaya, sunan ya bi shi har gida.

Yayarta ce ta kawo mata labarin a shago. Ta same ta tana ɗinka rigar makarantar wani yaro.

"Auta, Baba ya ce in gaya miki. Sun bugo."

Auta ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ta kai ƙarshen layin. Ta yanke zare, ta juya rigar, ta duba.

"Sun fasa?"

"Sun ce sun ɗage."

"Yaya, ni ma haka nake ce wa mai kaya idan ba zan ɗinka ba. Ka dawo wani mako."

A ƙarƙashin teburin yanka, a kan 'yar katifa, yarinyar ta motsa ta fara kuka, don keken ya yi shiru. Auta ta mayar da ƙafarta ta ci gaba da takawa, ba komai a bakin allura. Kukan ya lafa.

* * *

Abin ya faro ne tun tana gidan mijinta na fari, wani direban bas.

Cikinta bai wuce wata biyu ba ta yi ɗan zazzaɓi. Ƙananan ƙuraje suka feso mata a hannu da ƙirji, idanunta suka yi ja, gaɓoɓinta suka yi tsami. Bai kwantar da ita ba. Ko ɗinki ba ta fasa ba. Cikin mako ya wuce, ta manta da shi.

Famfon gidan ba kullum yake kawo ruwa ba, don haka ana tarawa a duro da manyan robobi a lungun bayan ɗaki, wasu da murfi, wasu babu. A cikin gidan sauro suke kwana, ba fashi. Ba wanda ya gaya mata akwai wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ba ya jiran dare. Da rana yake cizo, a idon sawu, a ƙarƙashin keken ɗinki.

Ranar haihuwa ungozoma ta zagaya kan jaririyar da tef ɗin awo. Ta duba, ta sake zagayawa. Sannan ta kira abokiyar aikinta. Auta tana kwance tana kallo, ta kuwa gane, don ita ma mai awo ce. Ba a sake awo sai lambar ba ta yi daɗi ba.

Kan yarinyar ƙarami ne. Goshin ya kwanta baya, fatar ƙeya ta tattare kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa. Likita ya zaunar da su, ita da mijin, ya yi bayani a hankali. Ya ce ƙwayar cuta ce da ake kira Zika, sauro ke ɗauke da ita. Babba yakan warke bai ma san ya yi ba, amma idan ta kama mai ciki tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ta hana ƙwaƙwalwarsa girma. Ya ce ba gado ba ne. Ya maimaita.

Direba ya ji, ya gyaɗa kai. Uwarsa ce ba ta ji ba. Ta ce su a zuri'arsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, a bincika can. Yarinya ba ta yi wata huɗu ba Auta ta dawo gidan iyayenta da akwatinta da keken ɗinki.

Daga nan ta koyi sana'a ta biyu. Yarinyar ba ta zama, ba ta riƙe wuya. Hannuwanta a dunƙule suke, ƙafafunta a sandare, sai an yi ta murzawa kowace safiya yadda aka koya mata a asibiti. Haɗiya tana yi mata wuya, kowane cokali sai an tallafi haɓa an jira. Wani lokaci jijjiga takan kama ta, akwai maganin ruwa da ake ajiyewa a sanyi saboda haka. Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali, ƙarar keke.

Ɗan firjin maganin ne ya lalace, shi ya tsallako da Injiniya. Ya durƙusa a bayan firjin, ya juyo neman abin kwance ƙusa, sai ya yi ido huɗu da yarinyar a kan katifarta, kanta a buɗe. Auta ta jira ta ga abin da mutane suka saba yi, ko kawar da kai, ko salati ciki-ciki. Shi sai ya dafa ƙirji.

"Ranki ya daɗe, Gimbiya. A yafe mini, na shigo ban yi gaisuwa ba."

Sunan ya zauna. Shi ma ya zauna. Firjin ya daɗe da gyaruwa, amma kullum sai ya tsallako duba lafiyarsa.

Ba a ɓoye masa komai ba, wannan ya kamata a faɗa. Shi ne ya ɓoye. A gida ya ce wa mahaifiyarsa, Hajiya, matar da yake so tana da 'ya, 'yar kuma ba ta cika lafiya ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan har manya suka shiga magana aka sa rana.

Da Hajiya ta ce za ta zo ta ga surukarta da idonta, sai ya shigo shago yana sosa ƙeya.

"Auta, alfarma zan roƙa."

"In ɗinkin gaggawa ne, layi za ka bi."

"Ranar Lahadi, ki sa wa Gimbiya hula."

Ta dakata da almakashi.

"Ba ka gaya mata ba."

"Na gaya mata. Rabi."

"Wane rabin? Daga wuya zuwa ƙasa?"

"Ki fahimce ni. Hajiya mutum ce mai kirki, amma abin da ta fara gani shi take riƙewa. Ki bari ta gan ki tukuna, ta zauna da ke, ta so ki. In ta so ki, sauran mai sauƙi ne. Ni zan zaunar da ita da kaina."

"Hular kanti ba ta zama a kanta. Zamewa take yi ta rufe mata ido. Ita ce ma za ta tona."

Ya yi mata murmushin nan nasa.

"Ke fa tela ce."

Nan ne ya kamata ta ce a'a. Daga baya ta sha komawa wurin nan a ranta, ta tsaya a bakin teburin, almakashi a hannu, tana neman dalilin da ya hana ta faɗa.

Ta ɗauko soson kafaɗa, irin wanda ake sa wa riga don ta tsaya. Ta fere shi da reza siriri-siriri, ta jera a goshi da gefe da gefe, duk inda kan ya gaza. Ta yi shafi da auduga mai laushi don kada ya ci fata. A waje ta sa guntun farin leshi da ya rage daga kayan wata amarya. Da nan ta tsaya, da hula ce kawai. Amma hannunta bai saba sakin aiki rabi ba. Ta zauna ta yi mata 'yan furanni da allurar hannu, ta bi bakin da zare mai ruwan zuma, ta ɓoye kowane ƙulli.

Da ta ɗaura mata, sai ga wata yarinya a kan katifar, mai zagayayyen kai, mai kumatu, kamar 'yar kowa. Auta ta daɗe a durƙushe tana kallon ta. Har hoto ta ɗauka.

Abin da ita da Injiniya suka manta shi ne sana'ar Hajiya. A sayar da yadi ta tsufa. Mace ce da ba ta iya riƙe abin da aka ɗinka ba tare da ta juya cikinsa ba.

* * *

Ranar Lahadi Hajiya ta zo da ƙanwar mijinta, wadda Injiniya ke kira Gwaggo. Shi ya kawo su, ya tsaya daga bakin ƙofar falo.

Komai ya tafi daidai. Hajiya tana zama ta kama gefen labule ta duba kalmasar, ta tambayi wa ya yi, aka ce Auta.

"Hannunki yana da tsabta, 'yata." Ta juya ga Umma, mahaifiyar Auta. "Yaron nan tun yana ƙarami duk abin da ya zaɓa sai na mayar kanti. Wannan karon dai ba zan mayar ba."

Aka yi dariya. Injiniya ya saki ajiyar zuciya daga inda yake.

"To ina ƙawar tawa? A kawo mini ita."

Auta ta ɗauko ta a naɗe cikin shawul, ta ɗora a cinyar Hajiya. Hajiya ta ce tubarkalla, ta ja mata kumatu. Sai idonta ya tsaya a kan hular.

"Wannan ba ta kanti ba ce."

"Ni na yi, Hajiya."

"Da hannu? Har furannin?" Ta shafa da babban yatsa. "Gwaggonsu, matso ki ga aiki. Bari in ga cikinta."

"Hajiya, sanyi," in ji Umma.

"Wane sanyi a wannan zafin?"

Ta ja igiyar hular.

Fanka kawai ke juyawa. Hajiya ta kalli kan yarinyar. Ta kalli hular da ke tsaye a tafin hannunta ba ta lanƙwashe ba, kamar akwai wani kan a ciki. Ta juya ta, ta danna da yatsa.

"Soson kafaɗa," ta ce.

Ba ta saki yarinyar ba, ba ta kuma yi salati ba. Ta tallafi ƙeyarta da kyau ta miƙa wa Umma. Sannan ta juya ga bakin ƙofa.

"Kai. Ka san da wannan?"

Auta ta ɗago ta dube shi. Kalma ɗaya ake nema.

Injiniya ya kalli takalminsa.

"Hajiya… ban san abin ya kai haka ba."

Gwaggo ta gyara mayafi. "To, a dangin uwa ne ko na uba? Gara a faɗa tun yanzu, mu ma jikoki muke so."

"Sauro ne," in ji Umma. "Likita ya ce sauro ne ya ciji Auta tana da ciki."

"Sauro?" in ji Gwaggo. "Baiwar Allah, mu a ina muka yi namu cikin, a cikin kwalba?"

"Ya isa," in ji Hajiya. Ta ajiye hular a kan tebur a hankali, ta miƙe. Ga Auta ta yi magana, ba da faɗa ba. "'Yata, ciwon nan ba ke kika ɗora mata ba. Da kin nuna mini ita haka, da na san abin da zan ce. Amma wannan hular ba yarinya kika ɗinka wa ba. Ni kika ɗinka wa."

* * *

Labarin ɗage auren bai kwana ba ya kai tashar mota. Ranar Laraba da yamma Direba ya zo, shi da wansa, suka zauna da Baba a falo. Auta na ɗaki, ƙofa a buɗe.

Wan ne ya yi magana. Ya ce ƙaninsa ya yi nadama. Ya ji likitoci suna bayanin cutar a rediyon mota, ya kuma ga wani abokin aikinsa da aka haifa wa irin wannan, alhali bai haɗa komai da su Auta ba. Yanzu ya yarda sauro ne. Yana so matarsa ta koma ɗakinta da 'yarsa. In kuma wani auren take so, ba zai hana ba, amma 'ya tasa ce, ba zai bari wani ƙato ya riƙe masa ita ba. Zai karɓe ta ya kai wa uwarsa.

Baba ya ce su dawo gobe da yamma, zai ba su amsa.

Suna fita Umma ta shigo ɗakin, Yaya na biye da ita. Auta tana zaune a ƙasa tana murza tafin ƙafar Gimbiya.

"Kin ji dai," in ji Umma.

"Na ji, Umma."

"To?"

"Mutumin da ko sunan maganinta bai sani ba."

"Zai koya. Uba ne."

"Uwarsa 'abin nan' take ce mata. 'Ku ɗauke abin nan daga kan kujera.' A kunnena, Umma."

"Shi ya sa za ki koma ki tsaya a kanta," in ji Yaya. "Injiniyan naki fa? An tambaye shi a gaban mutane, ya koma firjin da aka ɗauke wa wuta."

"Yaya."

"Ƙarya na yi? Ko ƙara bai yi ba."

Umma ta zauna a bakin gado, ta goge ido da gefen zane.

"Auta, ni na tsufa. Tun yanzu bayana ba ya ɗaukar ta, ina ga ta girma? Ba wanda kike so nake tambayar ki ba, wannan na sani. Inda yarinyar nan za ta kwana nake tambaya, da wanda zai ba ta abinci bai tsawata mata ba. In kin koma, kina tare da ita. In kin ƙi, su ɗauke ta. Me ya rage a yi tunani a kai?"

Auta ta saki ƙafar dama, ta kama ta hagu.

* * *

Tun ranar Lahadi Injiniya bai buɗe shago ba. Ranar Alhamis da la'asar ya tsallako titi, ya tsaya a ƙofarta. Ya rame, bai yi aski ba.

"Sannu da aiki."

"Kaya ka kawo?"

"Auta."

"In ba kaya, kana tare mini haske."

Ya shigo, ya sunkuya wajen katifar. "Ranki ya daɗe, Gim…"

"Kar ka kira ta. Ba ka san ta ba. Ba ka san abin ya kai haka ba."

Ya miƙe a hankali.

"Na gaya wa Hajiya gaskiya jiya. Na ce na sani tun ranar farko. Na ce ni na sa aka ɗinka hular, ke ba ki so ba."

"To ƙarya ka ƙara. Na so." Ta ajiye rigar da ke hannunta. Hawayen da ba ta yi a gaban Umma ba suka zo. "Na so, Injiniya. Ka ce ke tela ce, na ji daɗi. Na zauna na yi mata fure. Na ɗauke ta hoto. Hoton yana wayata, ina buɗewa ina kallo, ina cewa da ma haka take. Tana kwance a gabana, ni ina kallon wata. Kai rana ɗaya ka ji kunyar ta, a gaban uwarka. Ni fa? Ni na haife ta."

"Laifina ne. Ni na kawo maganar."

"Kai ka kawo magana, ni na kawo zare."

Shi ma idonsa ya cika. Ya zauna a kan kujerar masu jiran awo.

"Tsoro na ji. Wallahi bakina ne ya mutu. Tunda nake Hajiya ba ta taɓa duba na haka ba."

"Ni kuma tunda nake ban taɓa jiran kalma ɗaya haka ba." Ta jawo guntun yadi ta goge fuska. "Me ta ce?"

"Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta kira wata ƙawarta, nas ce, ta tambaye ta. Matar ta tabbatar mata ba gado ba ne, ba abin da ya shafi 'ya'yan da za ki haifa nan gaba. Gwaggo ma bakinta ya mutu." Ya matso, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Ta yarda, Auta. Ta ce za a iya sa rana."

Auta ta san yadda ciniki yake tafiya. Ta jira sauran.

"Sai dai?"

"Sai dai ta ce… Gimbiya ta zauna a wurin dangin ubanta. Ta ce ba ƙin ta take ba. Ta ce ɗawainiyar ba ta ƙarewa, ba ta so in fara aure da jinya. Za ki riƙa zuwa kina ganin ta duk sanda kike so. Ni zan riƙa kai ki da kaina."

Auta ta yi wata gajeruwar dariya.

"Ka san Direba ya zo jiya? Abin da ya ce ke nan. Ko in koma da ita, ko in aure ka ya karɓe ta. Ka ga ikon Allah. Hajiyarka da tsohuwar surukata ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba, ga shi bakinsu ya zo ɗaya."

Fuskarsa ta canja.

"Komawa za ki yi?"

"Yau da yamma Baba zai ba su amsa."

"Kina son sa?"

"Wa ke maganar so?"

"Ni nake yi. Mutumin da ya kore ki da jego! Mu kai shi kotu. Ba alƙalin da zai raba ta da ke a haka."

"To an ba ni ita. In kai ta ina? Gidanka ne aka ce kar ta shiga."

A maƙwabta mai gyaran takalmi yana buga ƙusa.

"Ka iya gaisuwa," ta ce. "Kullum ranki ya daɗe, ranki ya daɗe. Ka taɓa ɗaukar ta?"

Ya tsaya yana tunani. Bai taɓa ba.

"Ɗauke ta."

Ya durƙusa a bakin katifar. Mutumin da ke ɗaga firji shi kaɗai ya rasa inda zai sa hannu.

"Ƙeya tukuna. Kar ka ja hannun, ba ya miƙewa. Haɗa ta da ƙirjinka."

Yana ɗaga ta ta sandare, ta gantsare baya, ta tsala wani siririn kuka mai shiga kunne. Yawu ya zubo masa a gaban riga. Ya dubi Auta don ta karɓa. Auta ta harɗe hannu. Ya yi ta jijjiga ta yana zagaya ɗan filin da ke tsakanin keke da tebur, gumi na keto masa. Kukan bai tsaya don shi ba. Gajiya ta yi, ta kwantar da ɗan kanta a ƙasan haɓarsa tana shessheƙa.

"Haka take," in ji Auta. "Ba warkewa za ta yi ba. Wataƙila ta zauna, wataƙila ba za ta zauna ba. Wataƙila har abada ba za ta kira ka da wani suna ba. Duk gidan da zan shiga da ita zan shiga. In kana so na, ka kai ta wurin Hajiya yanzu, a hannunka, yadda take, ka ce da wannan za mu zo. In ta ce a'a, ka gaya mata abin da za ka yi. Ni ban san abin da za ka yi ba. Ina jin kai ma ba ka sani ba."

"Yanzu? Tana kasuwa, Auta. Cikin mutane."

"Cikin mutane ka ce ba ka san ta ba."

Ta kashe fanka, ta ɗauko maganin daga firji ta jefa a jaka, ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo.

Tasi suka shiga. Ba ta karɓi yarinyar ba. Matar da ke gefensa ta kalli kan Gimbiya, ta kalli Injiniya, ta matsa jikin ƙofa ta tattare zanenta. Direban tasin ya yi ta leƙen madubi.

"Malam, taka ce?" ya tambaya daga ƙarshe. "Allah ya ba ta lafiya."

"Amin," in ji Injiniya. Tambayar farko bai amsa ba. Auta ta lura, ta juya tana kallon titi.

A layin masu yadi kowa ya san shi. Tun daga bakin layin ake kiran sa, ɗan Hajiya, ɗan Hajiya, sai mai kiran ya ga abin da ke hannunsa ya sauke murya. Ya ci gaba da tafiya. Tafin hannunsa ɗaya ya rufe kan yarinyar gaba ɗaya. Ko tallafe ta yake, ko kare ta, Auta ba ta iya tantancewa daga baya ba.

Da suka hango shagon ta tsaya a jikin wani ginshiƙi.

"Ni nan zan tsaya."

"Ba za ki shiga ba?"

"Ni ta riga ta ga nawa aikin."

Ya ƙarasa shi kaɗai. Wayar Auta ta fara ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta duba. Baba ne. Su Direba sun iso ke nan. Ta riƙe ta a hannu har ta katse.

Hajiya tana auna wa wata mata yadi. Ta ɗago, ta ga ɗanta, ta ga wadda ke ƙirjinsa. Mai sayen ma ta juyo.

Wayar ta sake yin ƙara.

Injiniya yana tsaye a bakin shagon, ƙafa ɗaya a kan dakali. Bai shiga ba, bai kuma juyo ba.